Sikima ta ruwan teku ce, a daina sayar wa masu kiwon tarwaɗa

Aikina haɗa tankunan kifi ne da duba lafiyar ruwansu. Na yi na ado a Yamai, cikin gidajen masu hali, amma yanzu yawancin masu kirana masu kiwon tarwaɗa ne, daga Baleyara har Filinge. Wani dattijo ne ya sa ni wannan rubutu, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ya ɗebi wani kaso na abin da ya tara ya gina tankin siminti a bayan gida, mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, zurfin ruwa mita 1, wato lita 4000. Ginin ba laifi, maginin ya san aikinsa. Aka kawo masa ƴaƴan tarwaɗa daga Yamai ya zuba. Rijiya tana cikin gidan, kun dai san yadda ruwa yake kusa a Dallol Boso. Makonnin farko komai lafiya. Duk bayan kwana biyu ya buɗe bututu ya rage ruwa, ya kora shi cikin ɗan lambunsa na zogale da salat, jikoki su ja guga su cika tanki suna gunaguni. Kifi na cin abinci, yana girma.

Sai wani ɗan'uwansa ya haɗa shi da wani mai sayar da kaya ta WhatsApp. Mutumin ya turo bidiyon wata na'ura da ake kira sikima tana aiki, kumfa na hawa, baƙin ruwa na taruwa a kofi. Ya ce masa da wannan na'ura an gama wahalar canjin ruwa, ita ce ke tsotse dattin kifi gaba ɗaya, Turawa da ita suke kiwo. Dattijo ya duba jikokinsa da guga, ya duba bidiyo, ya tura kuɗi. Aka saka masa ita a motar haya.

Daga ranar da ya jona ta, bai sake rage ruwa ba. Mako ya wuce, kofi a bushe. Ya kira mai kaya, aka ce masa ruwansu ne ba shi da ƙarfi, ya zuba gishiri. Ya juye buhun kilo 25. Kumfa ta ɗan motsa, ya ji daɗi, ya ƙara wani buhun. Da kifi ya daina cin abinci, wani maƙwabci ya ce ai ruwan ne ya yi tsami, a jefa kanwa. Aka jefa. Daren da wuta ta ɗauke shi ne ya ƙarasa aikin.

Tun daga ƙofar gida na ji warin. Ruwan ya yi kauri, launin toka-toka, ga yauƙi fari-fat yana yawo a sama. Waɗanda suka mutu an kwashe su cikin bahon wanki an rufe da buhu saboda ƙuda. Sauran suna tsaye a ruwa kai sama, gashin bakinsu ya lanƙwashe, fatar ciki ta yi ja, in ka kai hannu ko gudu ba sa yi. Na ɗebi ruwa a kwalbar gwaji na ɗiga maganin amoniya, kafin in ajiye ta launi ya wuce ƙarshen takardar. Awon pH ya kusa 9.

Na ce, "Baba, wa ya ce ka zuba gishiri?"

Ya ce, "Ɗana, mai injin ne. Ni me na sani? Alli na riƙe shekara da shekaru, ba kifi ba."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko mini kwalin, ya adana shi tsaf da ledarsa. Ga hoton murjani da kifin teku mai ratsin lemo a jiki, ga rubutu da Faransanci da Ingilishi cewa ta ruwan teku ce, ga lita 500 da manyan lambobi. Mutumin da ya koyar da Faransanci rabin rayuwarsa ya karanta wannan, ya tambaya, aka ce masa duk ɗaya ne, ya yarda. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Wanda ya sayar ya san abin da ke rubuce a kwalin.

Sikima da ƙananan kumfa take aiki, waɗanda maiƙo da yauƙi ke manne wa jikinsu su hau sama. A ruwan teku, mai gishiri kusan giram 35 cikin kowace lita, kumfa ba sa saurin haɗewa da juna, suna zama ƙanana su daɗe. A ruwan daɗi nan da nan suke haɗewa su zama manya su fashe, ba su ɗauki komai ba. Masu cewa ai ruwan dallol da ma akwai gishiri da kanwa, su saurara. Ruwan da za ka iya sha ka yi tuwo da shi, ko harshe ya ji ɗanɗanon gishiri, bai wuce giram 1 zuwa 2 a lita ba. Kafin tankin lita 4000 ya kai ruwan teku sai ya sha kilo 140 na gishiri. Buhu biyun da dattijon ya zuba sun kai shi giram 12 da ɗoriya a lita: bai isa na'urar ta yi aikin kirki ba, amma ya isa ya galabaitar da ƙananan tarwaɗa, musamman da aka juye shi lokaci guda.

Kuma ko da ta yi aiki, sikima ba ta cire amoniya. Ku maimaita wannan. Ba ta cire amoniya. Ita datti take kamawa kafin ya ruɓe, alhali yawancin amoniyar tanki ta matsefin kifi take fitowa kai tsaye. Kilo 1 na abinci mai furotin kashi 40 yana barin kimanin giram 30 na amoniya ko fiye a ruwa. Ina za ta je in ba ka canza ruwa, ba ka kuma da matatar ƙwayoyi masu cinye amoniya wadda ta nuna?

Kanwa kuwa, wallahi na gaji da magana a kanta. A ruwa mai zafin digiri 30, in pH yana 7, ɓangaren amoniya mai dafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ya wuce kashi 7. A 9 ya kusa rabi. Amoniyar ɗaya ce, kanwa ce ta mayar da ita guba. Mu nan wasu rijiyoyin da ma ruwansu yana da kanwa tun daga ƙasa, sai kuma mutum ya ƙara da hannunsa saboda maƙwabci ya ce.

Sikima ta ruwan teku ce. Tarwaɗa da karfasa kifin ruwan daɗi ne. Babu na'urar da ke ɗauke maka canjin ruwa. Kada ka zuba gishiri don inji ya yi aiki. Kada ka jefa kanwa a tankin kifi.

Gishiri yana da wurinsa, na sani, muna amfani da kaɗan in nitirit ya hau ko bayan an yi jigilar kifi, amma da awo, kuma don kifi, ba don inji ba. Kuma wanda ya riga ya zuba da yawa, kada ya kora ruwan cikin lambu. A gidan dattijon nan sai da na tare yara, sun fara buɗe bututu wajen zogale. Masu noman dankali a Bonkuku sun san abin da gishiri ke yi wa ƙasa, ba a wanke shi da ban ruwa ɗaya ko biyu. Ruwan tankin da ba gishiri kuwa taki ne, kada ku zubar da shi a banza.

Maganar wuta ma. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Duk tsarin kiwon da ransa ke rataye da soket, a ƙasar nan, ka gina shi kana sane wata rana zai tsaya. Ana ruɗin mutane da cewa tarwaɗa tana shaƙar iska ta sama. Tana yi, shi ya sa take daɗewa tana wahala kafin ta mutu, mai ita yana ganin tana motsi yana cewa lafiya. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwa kansa iskar da yake riƙewa tana raguwa. Ku yi wa tanki rumfa. Ruwan burtsatse a bar shi ya sha iska kafin a zuba. Abinci kuma a daina juyewa kamar ba kuɗi aka sa ba.

Masu tankin ruwan teku na gaske, ƴan kaɗan ɗin da ke Yamai, ku ne sikima ta dace da ku, duk da cewa tekun mafi kusa, na Kwatano, ya fi kilomita 1000 daga nan ta hanyar mota, kuma gishirin haɗawa sai an yi oda. Ku auna ɗakin tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban inda ake saka sikima, kafin ku saya, har da tsawon da hannu zai cire kofi. Yawancin masu zama cikin tankin ƙasa suna son zurfin ruwa tsakanin santimita 15 zuwa 25, kuma ya tsaya wuri ɗaya, in yana hawa yana sauka ba za ta taɓa daidaita ba. Lambar litar da ke kwali kada ku ɗauke ta gaskiya tsantsa, ku duba yawan kifinku da abincin da kuke ba su. Mai girma fiye da kima ma matsala ce, kumfa ba ta kai wuya. Sabuwa tana ɗaukar mako ɗaya ko biyu kafin ta zauna, ku daina murɗa ta kowace safiya. In wuta ta dawo, a bar ruwan tankin ƙasa ya sauka kafin a kunna ta, in ba haka ba kofi ya cika ya mayar da dattin cikin ruwa. Ku tambaya ko akwai farfelar famfonta ta canji, don ita ke fara lalacewa.

Ku kuma masu sayarwa, ku ji tsoron Allah. Mutum ya ce maka tarwaɗa yake kiwo a Filinge, ka ce masa wannan ba tasa ba ce, ka sayar masa da kayan gwajin amoniya da na pH. Mai niyyar fara kiwo, waɗannan biyun za ka fara saya kafin ƴaƴan kifi, ka gwada ruwan rijiyarka tun tanki yana fanko. In an turo maka bidiyon wata na'ura, ka ce a turo hoton kwalin gaba da baya, ka kai wa ma'aikatan kiwo ko wanda ya daɗe a sana'ar ya karanta maka kafin ka tura ko dala.