Yadda Ake Kiwon Sikalof a Arewacin Japan

Sikalof dabbar teku ce mai ɓawo biyu, masu siffar mafici. Ba a zuba mata abinci. Ruwa take zuƙa, ta tace ƙananan tsirran da ido ba ya gani, ta fitar da sauran. Saboda haka aikin mai kiwo a Hokkaido da gaɓar Mutsu ta lardin Aomori shi ne ajiye ta inda ruwa zai riƙa kawo mata abinci.

Ana farawa da kama 'ya'ya. Bayan manya sun saki ƙwai a ƙarshen sanyi, tsutsotsin da suka fito daga ƙwan sukan yi kusan wata guda suna yawo cikin ruwa kafin su nemi abin maƙalewa. Masunta sai su rataye buhunan raga irin na albasa, cike da tsohuwar koma, dabarar da ta bazu daga Mutsu a shekarun 1960. 'Ya'yan su shiga su maƙale, idan sun girma ramukan buhun su hana su fita.

Bayan 'yan watanni a zazzage su, a tankaɗe, a zuba cikin kejin raga da ke rataye a igiya. A nan ake gane gwanin kiwo. Idan aka cika keji, abincin da ruwa ke kawowa ba ya isa, ɓawo ya riƙa gogar ɓawo, girma ya tsaya. Ciyayi da ƙananan halittu kuma suna toshe ragar, don haka dole a riƙa sauya ta ana rage yawan da ke ciki.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu sukan huda kunnen ɓawon su ɗaure a igiya, ko su bar su a keji mai hawa-hawa a tsakiyar ruwa, inda abinci ya fi yawa; waɗannan kan isa kasuwa cikin kamar shekara 2. Hatsarinsu zafi ne: a 2010 ɗumin ruwa ya kashe sikalof masu ɗimbin yawa a Mutsu, shi ya sa ake sauke igiyoyi zuwa ƙasa idan saman ruwa ya ɗumama.

A gaɓar tekun Okhotsk kuwa, kamar a Sarufutsu, shuka su ake yi. Ana zaɓar ƙasan teku mai yashi da tsakuwa, domin laka tana toshe gaɓoɓin da dabbar ke numfashi da tace abinci da su. A raba filin kashi 4, a share taurarin teku masu cin sikalof daga kashi guda, sannan a watsa 'yan shekara ɗaya a cikinsa. Bayan shekara 3 jirage su ja manjagara mai raga su kwashe, a sake share wannan kashin domin shuka ta gaba.