Nazari A Kan Kwararar Motoci Da Ƙididdigar Bukatar Tafiya

Gabatarwa

Duk wanda cunkoson motoci ya taɓa rutsawa da shi a kan hanyar kasuwar Kantin Kwari ko ta Sabon Gari a birnin Kano yakan ɗauka cewa abin ba shi da kai ba shi da gindi, rashin haƙurin direbobi ne kurum. Masana ilmin sufuri kuwa sun daɗe da gano cewa cunkoso yana bin wasu ƙa'idoji waɗanda ake iya aunawa da alƙaluma. Wannan maƙala za ta duba yadda ake auna kwararar motoci a kan titi, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa ƙirga motoci kaɗai bai isa ya bayyana bukatar jama'a ba.

Ma'aunai uku

Abubuwa uku injiniya yake dubawa a kan titi. Akwai gudu, watau kilomita nawa mota ke ci a awa guda. Akwai cikowa, watau motoci nawa ne a cikin kilomita ɗaya na layi a lokaci guda. Sai kuma kwarara, watau motoci nawa ne suke wuce wani wuri a cikin awa. Dangantakarsu mai sauƙi ce: in an ninka gudu da cikowa, sai a sami kwarara. Alal misali, a ƙaddara akwai mota 20 a kilomita, kowace tana gudun kilomita 80. Mota 1,600 ke nan za su wuce a awa. In suka ƙaru zuwa 40, gudu ya sauko zuwa 50, sai kwarara ta hau 2,000. Amma in suka kai 100, kowace tana jan ciki da gudun kilomita 10, mota 1,000 kacal za su wuce. A nan ne gizo ke saƙa. Titin da ya cika maƙil shi ne wanda ya fi ƙarancin amfani, ko da yake ido yana ganin kamar a lokacin ne ya fi aiki.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Bruce Greenshields yana cikin waɗanda suka fara auna wannan al'amari. Ya kafa kyamara a gefen titunan jihar Ohio tana ɗaukar hoto bi da bi a kan ƙayyadadden lokaci, ya kuma buga sakamakonsa a 1935, inda ya nuna cewa gudu yana raguwa daidai gwargwadon yadda cikowa take ƙaruwa. Daga baya an gano cewa lissafinsa ya sauƙaƙa abin fiye da kima, amma a kan harsashinsa aka yi gini. A 1955 wasu masana lissafi biyu a Ingila, Lighthill da Whitham, suka kwatanta motoci da ruwa a cikin kogi, suka nuna cewa cunkoso yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma baya yake yi alhali motoci suna yin gaba.

An tabbatar da haka a fili a ƙasar Japan, a wani gwaji da Yuki Sugiyama da abokan aikinsa suka buga a 2008. Sun jera mota 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, suka umarci direbobi su riƙe gudun kilomita 30. Babu mahaɗa, babu ɗan sanda, babu rami. Duk da haka ba a jima ba sai wani ya ɗan taka birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wannan ya tsaya cik, cunkoso ya haifi kansa ya shiga komawa baya da saurin kusan kilomita 20 a awa. Ashe ke nan direban da ya fita daga cunkoso yana waige-waige yana neman abin da ya haddasa shi, sau da yawa babu abin da zai gani.

Kwarara daban, bukata daban

Ƙirgar gefen titi tana faɗin waɗanda suka wuce ne kawai. Ba ta san daga ina suka fito ba, ko ina suka nufa, balle wanda ya fasa fita saboda tsoron cunkoso ko tsadar kuɗin mota. Wannan giɓi ne ya haifar da binciken bukatar tafiya. A birnin Shikago, a wani babban bincike da aka soma a 1955 aka kammala a 1962, an bi dubban gidaje ana tambayar mutane tafiye-tafiyen da suka yi jiya: daga ina, zuwa ina, da ƙarfe nawa, a kan me, kuma don me. Daga irin waɗannan bayanai aka tsara hanyar hasashe mai mataki huɗu wadda har yanzu ake koyarwa. Ana raba gari shiyya-shiyya, a ƙiyasta yawan tafiyar da kowace shiyya ke haifarwa, a rarraba ta zuwa wuraren da take nufa, a kasa ta tsakanin mota da bas da jirgin ƙasa, daga ƙarshe a ɗora ta a kan tituna don a ga wanda zai cika.

Sai dai wannan hanya tana da wani babban rauni, domin ta ɗauki bukata tamkar abu tsayayye wanda titi zai zo ya ɗauka. Tun a 1962 Anthony Downs ya yi gargaɗin cewa sabon titi a cikin birni yakan cika a lokacin zuwa aiki da tashi, komai faɗinsa, saboda sauƙin da ya kawo shi ne yake jawo waɗanda a da suke bin wata hanya, ko suke fita a wani lokaci, ko ma ba sa fita. Babban titin Katy na birnin Houston shaida ne. An kashe kimanin dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa shi, aka gama a 2008, amma tsakanin 2011 da 2014 lokacin tafiya a kansa safe da yamma ya sake hawa. Haka nan dokar da aka kafa a Legas a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta raba ranakun shiga tsakiyar gari tsakanin motoci masu lambar mara da masu lambar cika, ta ci karo da halin ɗan Adam: masu hali suka sayi mota ta biyu.

Matsalar biranen Afirka

Yawancin waɗannan ƙa'idoji an gina su ne a kan titin da kowace mota take bin layinta. Don a daidaita lissafi, akan mai da kowane abin hawa zuwa ma'aunin ƙaramar mota, a ce babbar mota ko bas daidai take da ƙanana biyu ko uku, babur kuma bai kai ɗaya ba. To, yaya za a auna titin da tirela da a-daidaita-sahu da mai kura da mai tallar lemo suke rabon wuri ɗaya, inda kuma mai ɗaukar fasinja yake tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu? Alƙaluman da aka aro daga Amurka ba za su zauna daram a nan ba, sai an sake awo a wurin. Kuma hana ɗaukar fasinja a kan babur da aka yi a Kano a watan Janairu na 2013 ya nuna cewa bukata ba ta mutuwa don an hana abin hawa. Ƙaura take yi, ga shi a-daidaita-sahu ya gaje ta.

Wayar salula ta buɗe wata ƙofa. A Nairobi, ɗaliban jami'a sun riƙa shiga ƙananan motocin haya da ake kira matatu riƙe da wayoyi masu nuna wuri, har aka fitar da taswirar hanyoyinsu fiye da 100 a 2014, hanyoyin da direba da fasinja suka sani a ka amma babu su a takarda. A Abijan kuwa, a 2013, masu bincike na kamfanin IBM sun yi amfani da bayanan kira na masu hulɗa da Orange, bayan an cire sunaye, suka gano inda jama'a suke kwarara, suka ba da shawarar gyaran hanyoyin bas. Wannan ya fi bin gida-gida araha da sauri nesa ba kusa ba. Amma waya tana nuna inda mutum ya je ne, ba ta faɗin dalilin zuwansa ko abin da ya hau, kuma tsohuwar da ta taka da ƙafa zuwa asibiti ba ta da waya, ko yaron da aka aika kasuwa, ba su shiga lissafi ba sam. Saboda haka har yanzu ana haɗa bayanan waya da tambayar gida-gida da ƙirgar gefen titi, ana gwada wannan da wancan kafin a amince da adadi.