Hankali, Kyau da Aure: Hoton Mace a Tatsuniyar Daskin-da-Riɗi

Gabatarwa

Tun kafin Frank Edgar ya fara buga tarin tatsuniyoyin Hausa a 1911, tatsuniya makaranta ce ta dare, kuma mafi yawan malamanta mata ne: kakanni da iyaye da amare. Saboda haka siffar da take ba mace darasi ne da mata suka daɗe suna koya wa 'ya'yansu. Wannan maƙala ta ɗauki tatsuniyar Daskin-da-Riɗi domin duba matsayin kyau da hankali a cikinta.

Kyau da ladabi

Wani saurayi ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta faɗi sunansa. 'Yan mata suka ci ado suka kama hanya. A rafi suka tarar da wata tsohuwa tana wanka, ta roƙe su su cuɗa mata baya, suka wuce suna yatsina. Yarinyar da suka raina saboda tsummanta ita ce ta tsaya ta cuɗa, tsohuwar kuwa ta sanar da ita sunan, ta auri saurayin.

A nan kyau da kwalliya ba su tsinana wa masu su komai ba. Haka lamarin yake a tatsuniyar Ruwan Bagaja, inda 'yar bora ta dawo da dukiya saboda haƙurinta, 'yar mowa kuma rashin kunya ya ja mata asara.

Hankali da wayo

Sai dai yarinyar ba da tunaninta ta gano sunan ba, ba ta aka yi a matsayin ladan biyayya. Tatsuniya ta raba basirar mace gida biyu. Hankali, wato natsuwa da girmama manya, shi ake yabo. Wayo kuwa, wato ƙulla dabara don cim ma buri, akan jingina shi ga kishiya ko muguwar tsohuwa, a kira shi makirci. Wayon da ake yi wa Gizo dariya a kansa, da matarsa Ƙoƙi ce ta yi shi, da ya zama abin zargi.

Kammalawa

Tatsuniyar ta ɗaukaka hali a kan kyau, kuma wannan tarbiyya ce mai daraja. Amma ta taƙaita sakamakon yarinya ga aure kaɗai, ta kuma sanya mabuɗin ilimi a hannun wani. Ya kamata malamin da ke koyar da ita a yau ya tambayi ɗalibansa: da tsohuwar ba ta rafin, me yarinyar za ta yi? Amsar da yara mata za su bayar ita ma abin nazari ce.