Darasin Juma'a: Uwa Ta Rasu, Me Ya Rage A Wuyan 'Ya'ya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Darasinmu na wannan mako a kan haƙƙin uwa ne bayan ta bar duniya, musamman uwa mai sana'a, wadda ta yi hulɗar kuɗi da mutane. Abin ya shafe mu mu mazauna Kurmi fiye da kowa, domin yawancinmu ta waya ake gaya mana rasuwar iyayenmu, kuma kafin mota ta kai mu gida an riga an dawo daga maƙabarta.

Dalilin zaɓen wannan darasi shi ne rasuwar mahaifiyar wasu 'yan uwanmu biyu masu sayar da albasa, waɗanda muke sallah da su a nan. Ta rasu a Disina, cikin ƙaramar hukumar Shira ta jihar Bauchi, ƙasar Katagum, tana da shekara tamanin da 'yan kai. Sun yarda a faɗi tarihinta don a ƙaru, amma sun ce a sakaya suna. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Wace ce ita?

Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa. Ta fara tun ana kashe fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Ga wanda bai sani ba, wannan aiki ba na rago ba ne. Gyaɗa sai an soya, an murje, an sheƙe, an niƙa, sannan a yi ta juya tunkuza ana yayyafa ruwan zafi har mai ya fito, a matse, a mulmula ƙuli a toya. Daddawa kuwa ta fi wuya: kalwa kan kwana a kan wuta, a surfa ta a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki har ta yi, a kirɓa, a shanya. Duk wannan kafin a ga ko kwabo.

Da wannan sana'a ta ratsa farin 1973 da na 1984, lokacin da rumbuna suka ƙare a Arewa. Da maigidanta ya rasu, da ita ta aurar da 'yan mata, ta yi musu kayan ɗaki. Jarin da babban ɗanta ya sauka Legas da shi, awakinta ta sayar ta ba shi. Da ƙarfi ya fara ƙarewa, sai ga jikoki marayu, 'ya'yan ɗanta da ya riga ta rasuwa, ta sake ɗaura ɗamara. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ita dai ba a taɓa jin ta roƙi kowa ba.

Ku dubi gidajenku, jama'a. Kusan kowannenmu yana da irin wannan uwa ko kaka: mai fura, mai ƙosai, mai saƙar faifai, mai kitso, mai surfe. Mu da muke ƙirga buhu da kwando a yau, da yawa ribar kasko ce tushenmu.

Aikin mace a Musulunci

Wasu suna ganin sana'ar mace alamar gazawar miji ce. Ba haka magabata suka ɗauka ba. Nana Khadija attajira ce, har Sham ake kai dukiyarta. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata ta yi sadaka da kuɗin. Asma'u 'yar Abubakar tana kula da dokin mijinta Zubairu, tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonarsa. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta aika tambaya ko abin da take kashewa kan mijinta da marayun da ke hannunta zai zama sadaka, aka ba ta amsa cewa lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito wannan.

A lura da wani abu. Ciyar da iyali a wuyan uba yake. Don haka duk abin da uwa ta kashe a kanmu daga guminta, ƙari ne ta yi a kan wahalar ciki da shayarwa da Allah Ya ambata a Suratu Luƙman aya ta 14 da Suratul Ahƙaf aya ta 15. Ba mamaki da aka tambayi Annabi (SAW) wanda ya fi cancantar kyautatawa, sau uku yana ambaton uwa kafin ya ambaci uba.

Tunawa da irin waɗannan mata ma ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi marsiyyar sarakuna da malamai, ta kuma yi ta mata waɗanda ba su da sarauta, tana lissafa alherinsu ga maƙwabta da masu haihuwa da marasa lafiya.

Na farko: a sauke mata nauyin mutane

Nan ne aka fi yin sakaci. Mace mai sana'a ba ta da littafin lissafi, kanta ne littafinta. Da marigayiya ta rasu, 'ya'yanta sun tarar da ƙulle-ƙullen kuɗi a ƙasan adaka, kowanne da tsummansa daban. Ba don jikarta da ke kwana ɗakinta ta san masu su ba, da an haɗa da gado an raba. Ashe ajiyar matan unguwa ce. Sannan mai kawo mata kalwa yana bin ta kuɗin awo, ya yi shiru saboda kunya.

Tsarin shari'a a fili yake. Daga abin da mamaci ya bari, a fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12 sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Kuma ya zo a hadisin Tirmizi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya.

To ga abin da ya kamata ɗa ya bincika idan ya isa gida:

1. Ajiya. Duk abin da aka ba ta ajiya ba dukiyarta ba ce, a mayar wa mai shi kafin komai.

2. Adashi. Idan ta riga ta kwasa, sauran zubin da ya rage bashi ne a kanta, a biya. Idan ta yi zubi ba ta kwasa ba, abin da ta zuba haƙƙinta ne, ya shiga gado. Idan kuwa ita ce uwar adashi, kuɗin da ke hannunta amanar mutane ce.

3. Masu bin ta: mai awo, mai niƙa, mai itace, mai shago. Kada a tsaya ga sanarwar da ake yi a bakin kabari, domin abokan hulɗarta mata ne, ba sa nan. A sa wata babba ta yi cigiya a cikin gida wajen zaman makoki.

4. Waɗanda take bi. Wannan na magada ne. In suna so su yafe don ladan ya kai mata, madalla, amma baligi kason kansa kaɗai zai iya yafewa, ba na maraya ba.

5. Dabbobi. A tantance nata da na kiwo da aka ba ta, da nata da ke hannun wasu.

Wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Idan an zo rabo, a kira malami ko alƙali wanda ya san ilmin gado. Kada babban wa ya ce ai kayan tsohuwa ba su taka kara sun karya ba, ya raba da ka. Tukunya ɗaya ma haƙƙi ce.

Sai maganar jikoki. Waɗanda mahaifinsu ya riga kakarsu rasuwa ba su da kaso muddin tana da ɗa namiji a raye. Amma Suratun Nisa'i aya ta 8 ta yi umarni a ba dangi da marayu da miskinai wani abu idan sun halarci rabo, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Yaran da kaka ta riƙe, ranar da ta rasu sun yi maraici karo na biyu. Wa zai ɗauke su? Wannan tambaya ta fi rabon kwanuka muhimmanci.

Na biyu: addu'a da sadaka

Muslim ya ruwaito cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilmi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Addu'a ba ta bukatar kuɗin mota. Daga rumfarka, bayan kowace sallah, kana iya aika mata.

Ga wanda zuciyarsa ke ciwo don bai samu jana'iza ba, akwai sanyi a labarin Sa'adu ɗan Ubada. Mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari. Ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka a madadinta za ta amfane ta, aka ce masa e, sai ya ba da gonarsa sadaka dominta. A ruwayar Abu Dawuda, an nuna masa falalar ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Wanda ya san yadda mata ke wahalar ruwa a ƙauyukanmu da rani ya san darajar wannan. In rijiya ta fi ƙarfinka, gyara famfon unguwa da ya lalace, ko dasa itace, ko ɗaukar nauyin karatun yaro ɗaya.

Game da sadakar uku da bakwai da arba'in, malamai sun yi saɓani, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ba a yin ta da dukiyar maraya, kuma biyan bashi yana gaba da dafa shinkafa.

Na uku: mutanenta

Annabi (SAW) ya kasance idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Uwarka tana da ƙawa, tana da ƙanne, tana da tsohuwar da take aika wa tuwo kullum ba wanda ya sani. Da ta rasu kwanon ya tsaya. Idan ka je gida da sallah, ka neme su. Inna da kawu su ne ƙofar da ta rage maka, kada zumunci ya bi ta kabari.

Ga wanda tasa ke raye

Kai kuma da Allah Ya bar maka taka, kada ka ɗauka tura kuɗi ta waya ya wadatar. Ka kira ta, ka saurare ta ko da labarin akuyarta take ba ka. Idan ka je gida, zauna da ita cikin ladabi ka ce, “Inna, wa kike bi, wa ke bin ki, ajiyar wa ke hannunki?” Ka rubuta. Ba fatan mutuwa ba ne, shari'a ce ta kwaɗaitar da rubuta bashi da wasiyya. Ka tambaye ta sunayen iyayenta da kakanninta, da yadda ta fara sana'a, domin 'ya'yanmu da aka haifa a nan su san daga inda suka fito. In ƙarfinta ya ƙare, ka sauke mata kaskon, amma kada ka raina shi.

Mu kanmu 'yan kasuwa, mu duba namu lissafin. Wa ya san bashin da ke tsakaninka da dillali ko direba in yau ta Allah ta kasance?

Allah Ya gafarta wa iyayenmu da kakanninmu, Ya haskaka kaburburansu, Ya saka musu wahalar da suka sha a kanmu da Aljanna. Waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya ba mu ikon yi musu biyayya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci