Amsoshin Tambayoyinku: Mece ce Missa Brevis?

Wani mai sauraronmu daga Saji, yankin Rano da Kibiya, ya aiko da wannan tambaya.

To Malam, gajeriyar waƙar ibadar Katolika ce da Latin, wadda mawaƙan coci ke rerawa tare. Kalmomin na tun da ne, ba a taɓa su; karin waƙar ake sabuntawa. Wani lokaci akan tsallake doguwar shaidar bangaskiya don ta gajarta, kamar yadda mai tsara waƙa Benjamin Britten ya yi a 1959 domin yaran babban cocin Westminster a Landan. Ni dai makamanciyarta ta Kwango ta fi ratsa ni, Missa Luba ta 1958, inda Latin ya hau kan ganga. A Kano kuwa, bayan taron Vatican na 1962 zuwa 1965, har da Hausa ake wannan ibada.