Haɗa jikin ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa

Jirgin ƙarƙashin ruwa jirgi ne mai iya nitsewa cikin teku, ya yi tafiya, sa'annan ya taso. A Turai da Amurka akwai masu ƙera ƙananansa, masu tsawon kamar metir 1. Suna da inji da batir, kuma daga bakin tabki ake sarrafa su da rediyo.

Jikin ƙaramin jirgin ɓari biyu ne, na sama da na ƙasa, kamar kwano da murfinsa. Mai ƙira ba ya manne su da gam, don dole ya riƙa buɗewa ya canza batir ko ya gyara inji. Amma ruwa yana neman hanyar shiga ta mahaɗin.

Ruwa yana da nauyi, yana danna duk abin da ke cikinsa. A zurfin metir 1, yana danna kowane murabba'in santimetir da nauyin garam 100. Murfi mai santimetir 10 tsawo, 10 faɗi, yana ɗauke da kilo 10 ke nan. Da wannan ƙarfi ruwa ke kutsawa ta kafa, ko da ƙarama ce kamar ta allura. In ya taɓa batir da rediyo, jirgin ya mutu a gindin tabki.

Toshe dogon mahaɗi daga hancin jirgi har wutsiya yana da wuya. Shi ya sa masu ƙira da yawa suke barin ruwa ya shiga jikin waje. Suna huda ɓarin ƙasa don ruwa ya shiga, su huda na sama don iska ta fita. Inji da batir da rediyo kuwa suna cikin wani bututu rufaffe. Kowane bakin bututun yana da murfi mai zoben roba, an shafa masa giris. Wannan ɗan zoben shi ke hana ruwa.

Yanzu aikin mahaɗin waje shi ne riƙe ɓari biyu kada su rabu. Gaban ɓarin sama yana da leɓe mai shiga ƙarƙashin hancin jirgi. A baya ana ɗaure shi da ƙusa mai murɗi ta tagulla, don tagulla ba ta tsatsa. Wasu suna sa maganaɗisu maimakon ƙusa.

Kafin a kai jirgi tabki, ana sa busasshiyar takarda cikin bututun, a rufe, a nitsar da shi cikin ruwa. In takarda ta jiƙe, akwai kafa.

Manyan jirage ma haka suke tsoron kafa. A shekarar 1963 jirgin Amurka mai suna Thresher ya nitse a tekun Atlantika da mutum 129. Masu bincike na sojan ruwa sun ce mai yiwuwa ruwa ya shiga ta mahaɗin wani bututu.

Tambayoyi

1. Don mi ba a manne ɓari biyu da gam?
2. Mi ke hana ruwa shiga bututu?
3. Kilo nawa ruwa ke ɗora wa murfin nan a zurfin metir 3?

Aiki

A sa busasshiyar takarda cikin kwalba mai murfi, a nitsar da ita cikin bokiti. A sake gwadawa da zoben da aka yanko daga tsohon shambur. A rubuta abin da aka gani.