Ziyarar Tsaunin Mambila: A Hau Da Rana, A Sauko Da Rana

Tsaunin Mambila yana cikin Jihar Taraba, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, dab da iyakar Kamaru. Babban garinsa shi ne Gembu. Ana ce masa tsauni, amma ba dutse ɗaya ba ne mai tsini. Ƙasa ce mai faɗi a can sama, da garuruwa da gonaki da kasuwanni. Bisanta ya ɗara teku da wajen mita 1,600.

Wannan bisa ita ta kawo sanyin wurin. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da mutanen Yola da Jalingo ke kwana a tsakar gida saboda zafi, mutumin Gembu da bargo yake kwana. Mai niyyar zuwa kada ya manta da rigar sanyi.

A da, yankin yana hannun Jamus, daga baya ya koma hannun Ingila. A shekarar 1961 aka yi ƙuri'a, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Nijeriya. Sai aka sa wa lardin suna Sardauna, don girmama Sir Ahmadu Bello.

Abin Da Baƙo Zai Gani

Daga Jalingo hanya takan bi ta Bali, ta kai Serti, sannan Mayo Selbe. A Serti ne ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake. An kafa shi a shekarar 1991, kuma duk Nijeriya babu gandun daji na tarayya da ya kai shi girma. Akwai ɓauna da dorina da birai iri-iri a ciki. A gefensa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419. Shi ne wuri mafi bisa a ƙasar nan. Mota ba ta kaiwa ƙolinsa, sai da ƙafa, tare da ɗan jagora.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Idan mota ta ƙare hawan, sai ga Maisamari, gaba kuma Nguroje, sannan Gembu. A nan ido yakan sha kallo. Tuddai ne kore shar, ɗaya bayan ɗaya, ga garken shanun Fulani ko'ina. Ga itatuwan turare dogaye, waɗanda ake yanka katako da su. A Kakara akwai gonar ganyen shayi da masana'antar sarrafa shi. Mutum ya shekara yana shan shayi bai taɓa ganin itacensa ba, to a can zai gan shi: gajere ne, bai wuce ƙugu ba, saboda kullum ana tsinke tohonsa. Ana kuma noman masara da ayaba da dankalin Turawa. Mambilawa da Fulani da Kaka da wasu ƙabilu ne mazauna wurin. Fillanci ya fi yawo a kasuwa, amma mai jin Hausa ba zai ɓata ba.

Inda Hatsarin Yake

Tsakanin Mayo Selbe da Maisamari hanyar ta nannaɗe jikin dutse kamar maciji. Kwana tana bin kwana. A wasu wurare dutse ne a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Da rana direba yana ganin ramin, yana jin tsoronsa. Da dare ba ya ganinsa, amma ramin yana nan.

Fitilar mota gaba take haskawa, ba ta shan kwana. Kafin direba ya ga abin da ke bayan kwana, ya riga ya shiga. Ga lissafi kuma. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa takan ci mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da direba ya hangi abu zuwa tsayawar motar, za ta ci fiye da mita 50, ko da birki lafiya lau ne kuma hanya a bushe. Ƙaramar fitila kuwa da ƙyar take nuna mita 50. Ke nan mai irin wannan gudu da dare, kafin ya ga saniya ko motar da ta lalace, ya makara. Idan an yi ruwa, abin ya fi haka muni. Ƙa'idar ita ce kada gudun mota ya fi ƙarfin haskenta.

Hazo ma yakan sauko kan tsaunin, musamman da damina da kuma da asuba. Direbobi da yawa sukan kunna babbar fitila a cikin hazo, suna zaton za su fi gani. Kuskure ne. Hasken yakan bugi hazon ya dawo cikin idon direba, gaba ta zama fari fat. Ƙaramar fitila ita ce ta hazo. Haka kuma idan wata mota ta taho, sai a rage fitila. Wanda aka kashe wa ido kada ya rama. Makafi biyu a kan hanya ɗaya ba alheri ba ne. Ya rage gudu, ya dubi gefen hanya na dama har motar ta wuce.

Gangara Ta Fi Hawa Wuya

A wajen hawa, abin da ya fi damun mota shi ne zafin inji. In ta yi zafi, a tsaya a inda ake hangen mota daga nesa, a ja birkin hannu, yaron mota ya sa waigi a bayan taya. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, domin tafasasshen ruwa yakan yi tsalle ya ƙone fuska.

Wajen gangara kuwa, nan ne ake asarar rayuka. Wasu direbobi sukan sa mota a firi, ko su kashe inji, wai don su rage shan mai. Man da za a rage bai kai kuɗin likkafani ba. Motar da ke firi, birki kaɗai ke riƙe da ita. Birki kuma da gogayya yake aiki, gogayya tana kawo zafi. Idan aka daɗe ana taka shi, sai ya yi zafi ƙwarai, ya fara wari, ƙarfinsa ya ragu. Wani lokaci man birki yakan tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Wannan yana faruwa har ga motar da birkinta sabo ne.

Maganin abin shi ne giya. Giyar da mota ta hau da ita, da ita za ta sauko: ta biyu, ko ta ɗaya in akwai kaya. A sa ta tun kafin a fara gangara. A haka inji ne ke riƙe mota, birki taimako kawai yake yi. A taka shi kaɗan, a saki, ya sha iska. In an ji ƙaurin birki, a tsaya ya huce. A danna hon kafin kowace kwana, kuma kada a wuce wata mota a inda ba a ganin gaba. In hanya ta matse, mai saukowa shi zai ba mai hawa hanya, don tayar da mota mai kaya a tsakiyar hawa yana da wuya.

Idan mota ta lalace da dare, a sa alamar nan mai kusurwa uku nesa da ita, a inda mai fitowa daga kwana zai gani da wuri. Masu zuba ganye da duwatsu a kan hanya su tuna su kwashe kafin su tafi. Dutsen da aka bari a kan kwalta tarko ne ga mai babur.

Fasinja Ma Yana Da Baki

Sau da yawa ba direba ne ke son tafiyar dare ba. Fasinjoji ne ke matsa masa, wannan yana sauri ya riski kasuwa, wancan ba ya son biyan kuɗin masauki. Direban da ya taso daga Jalingo da hantsi, ya sha ramuka yini guda, ya iso gindin dutse da magariba, a gajiye yake. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci. Ƙwayoyin da wasu ke sha don su hana barci kuwa, ido suke buɗewa, hankali ya tafi.

Saboda haka mai zuwa Mambila ya yi sammako. In rana ta faɗi yana Serti, ya kwana a Serti, gari ya waye ya hau. Fasinjan da ya ga direba yana gyangyaɗi, ko ya ji an sa mota a firi, ya yi magana cikin ladabi, sauran su goya masa baya. In hatsari ya auku, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122. Amma ba ko'ina waya ke samu a jikin dutse ba, don haka kafin a tashi a gaya wa na gida motar da aka shiga da lokacin da ake sa ran isa.